Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mutumin Govan

Makon jiya na tsaya a kan saukata Gilasgo da sanyin da ya kusa hallaka ni. Wasunku sun ce na cika sako zancen Baffa. Ku yi haƙuri, yau ma sai ya shigo, don maganarsa ta bi ni har Sikotlan. Ranar da zai sallame ni a zaure cewa ya yi, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ka kama aiki ka bi mai biyanka, kada ka ɗaga masa murya." Allah Ya jiƙan Baffa. A duniyarsa talaka ba shi da makamin da ya wuce haƙuri.

A 1971 ina koyon aikin injiniya, ina haya a gidan wata tsohuwa a unguwar Govan. Ɗanta mai walda ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kullum ya dawo rigarsa duk hudar tartsatsi. A watan Yuni kamfaninsu, Upper Clyde Shipbuilders, ya nemi fam miliyan 6 daga gwamnatin firaministan Birtaniya Edward Heath, ta hana. Ma'aikata kusan 8,500 ne a ma'aikatunsa huɗu da ke bakin kogin Clyde, wato Govan da Linthouse da Scotstoun da Clydebank, aka ce mafi yawansu za su tafi gida, alhali ga jiragen da aka yi oda ba a gama ba.

Kowa ya zaci yajin aiki za a shiga. To amma wanda ke neman dalilin rufe ƙofa, in ka ajiye masa aiki ai ka taimake shi. Nan na fara jin sunan Jimmy Reid, haifaffen Govan ɗin nan a 1932, wakilin ma'aikata a Clydebank, ɗan kwaminis kuma kansila. Shi da Jimmy Airlie da Sammy Barr suka ce ba mai ajiye guduma. A ƙarshen Yuli ma'aikata suka karɓe ƙofofi, suka ci gaba da ƙira. Wanda aka ba takardar sallama da safe zai zo ya kama aikinsa, a biya shi daga asusun gudummawa. Reid ya tsaya gabansu ya ce ba tashin hankali, ba ɓarna, ba shan giya, domin duniya na kallonsu. Ɗan tsohuwar nan da ba ya wuce mashaya ranar Juma'a, na gan shi da idona zaune a kicin yana kurɓar shayi, uwarsa tana kallonsa tana share hawaye da gefen riga.

Ni ma na riƙe bokitin karɓar gudummawa a ƙofar makaranta, ina jin muryar Baffa a kunnena tana cewa ina ruwanka. A watan Agusta na bi jerin gwano zuwa filin Glasgow Green, mutum wajen 80,000.

Wannan ne ya sa har yau ban huce ba a kan abin da aka yi mini a Kakuri bayan shekaru talatin, lokacin da masaƙarmu ta fara tangal-tangal. Na miƙe a taron ƙungiya na ce kada mu fita, mu zauna kan injinanmu mu ci gaba da saƙa, ga zare a sito, ga 'yan kasuwar Kwari suna jiran yadi. Wani daga kan teburin shugabanni ya ce, "Malam Bature, nan ba Ingila ba ce." Aka kwashe da dariya. Ko bambancin Ingila da Sikotlan bai sani ba. Muka fita, aka garƙame ƙofa, ba mu sake shiga ba. Na san yana karanta wannan shafi, kuma ya san nawa daga cikinmu suka mutu suna jiran haƙƙinsu.

A Fabrairun 1972 Heath ya sauko, ya ware fam miliyan 35 don ma'aikatu uku su ci gaba, ta Clydebank kuwa wani kamfanin Amurka, Marathon, ya saye ta. Ɗaliban Jami'ar Gilasgo sun riga sun zaɓi Reid a kujerar rekta, wato mai wakiltarsu a hukumar jami'a, mutumin da ya bar makaranta tun yana yaro. Jawabinsa na kama aiki, inda ya ce tseren ɓeraye na ɓeraye ne, mu mutane ne, jaridar New York Times ta buga shi gaba ɗaya. Na yanko nawa daga wata jaridar gari, yana cikin akwatin Hajiya har yanzu.

Sai dai siyasa ba ta yi masa rana ba. Ya nemi kujerar majalisar Birtaniya a 1974 da tutar kwaminis, ya faɗi. Ya bar su ya koma jam'iyyar Leba, ya tsaya a Dundee ta Gabas a 1979, Gordon Wilson na SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin kan Sikotlan, ya kayar da shi. A yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 ya soki shugaban ƙungiyarsu, Arthur Scargill, kan ƙin barin ma'aikata su kaɗa ƙuri'a, tsofaffin abokansa suka kira shi maci amana. Ni ban yarda ba. Wanda ya taɓa ɗaukar abincin dubban gidaje a wuyansa ya san ba a jefa mutane cikin yunwa ba tare da an tambaye su ba. Daga baya ya koma aikin jarida, ya ga Leba ta Tony Blair ta juya wa ma'aikata baya, ya shiga SNP a 2005. Masu cewa ya cika sauya sheƙa su duba, jam'iyyun ne suka yi ta sauyawa.

Ban taɓa ba Baffa labarin bokitin nan ba. Da na dawo gida ya tambaye ni ko na bi maganarsa, na ce na yi aikina tsakani da Allah, ya sa mini albarka. Ladan kuturun da yake faɗa, mutanen Clyde an yanke musu shi, suka ci gaba da askin, kuma suka ɗaga murya. Na so ya rayu mu yi wannan muhawara.

Reid ya rasu a Agustan 2010 yana da shekara 78. Aka yi taron jana'izarsa a tsohuwar majami'ar Govan, tsohon firaminista Gordon Brown da shugaban gwamnatin Sikotlan na lokacin Alex Salmond da kocin Manchester United na lokacin Alex Ferguson duk sun halarta. Ni a rediyo na ji, ina zaune a shagon cajin waya da na buɗe bayan masaƙa. Yadda na samu jarin shagon, da rigimar gonar gado da ta biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.