TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Hutun Magal da tafiyarmu Gambiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun tsaya ne a inda na fara kama ƙasa a Dakar, na saba da ɗalibaina na cibiyar koyon Turanci, na kuma daina ɓata a motar haya. To yau zan baku labarin yadda na fara leƙa wata ƙasar daga can.

Akwai wani abu da ake kira Magal a Senegal, wanda bai taɓa zama a ƙasar ba ba zai gane girmansa ba. Duk ranar 18 ga watan Safar mabiya ɗarikar Muridiyya suke ɗunguma zuwa birnin Tuba domin tunawa da ranar da Turawan Faransa suka kori Shehu Ahmadu Bamba zuwa Gabon a 1895, kuma in nace ɗunguma ina nufin ɗunguma, miliyoyin mutane, direba da mai gadi da manajan banki duk hanya ɗaya. Tun ana saura kwanaki aji ya fara zubewa, yau wannan ya zo yace Ticha zan tafi Tuba, gobe wancan ko sallama babu, har dai mai cibiyar ta ga ba sarki sai Allah ta liƙa takarda a ƙofa cewa an tafi hutu. Mu kuma awa ake biyanmu, ba aji ba kuɗi, don haka hutun ni ba wani daɗi ya min ba da farko.

Abokan aikinmu Turawa su kam tuni kowa ya yanki tikiti, wata zata Maroko, wani zai je Lisbon ya ga budurwarsa ya dawo, su fasfo ɗinsu ko'ina buɗe musu ƙofa yake. Ni da abokina, wani Bahaushen Ghana ɗan zangon Kumasi da muke koyarwa tare, muka zauna a bakin titi muna kurɓar kofin Tuba, wannan baƙin kofi da suke haɗawa da kimba, muna lissafin ina koren fasfo zai kai mu ba tare da mun je mun yi layi a ofishin jakadanci ba. Shi ne yace "Malam, Gambiya mana, ga ta nan a cikin cikin Senegal, kuma Turanci suke yi, ko ba komai bakinmu ya huta da Faransanci." Gaskiyarsa kuwa, tun yarjejeniyar Ecowas ta 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana iya shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza, abin da ake nema fasfo ne da katin rigakafin shawara, wannan ɗan katin ruwan ɗorawa. Na kuma san wani malami ɗan Zariya da gwamnatin Najeriya ta tura can koyarwa a ƙarƙashin shirin nan na TAC na tura ƙwararru su taimaka wa wasu ƙasashe, da aka kafa tun 1987, na kira shi yace ku taho, tabarma ba ta ƙarewa.

Da asuba muka isa babbar tashar mota da ke Pikin. Motar tafiya mai nisa a Senegal ita ce suke ce wa set-plas, tsohuwar Fijo 505 ce doguwa irin wadda iyayenmu suka hau a zamanin da ake harhaɗa Fijo a Kaduna, mutum bakwai take ɗauka, ɗaya a gaba uku a tsakiya uku a can ƙurya. Saboda Magal yawancin motocin sun karkata Tuba, kuɗin mota ya tashi, ga kuɗin jaka daban da sai ka yi ciniki kamar zaka sayi jakar ne sabuwa. Kujerun da suka rage na ƙurya ne, kuma Ɗan Kumasi fa ba ƙaramin mutum bane, irin mutanen nan ne da in sun shigo ɗaki sai haske ya ragu, haka muka dunƙule gwiwa a haɓa, ga wata baiwar Allah a gefenmu da bokitin busasshen kifi a cinya.

Daga Dakar zuwa Kaulaha wajen kilomita 190 ne, ka bi ta Mbur ka wuce Fatik, hanya duk bishiyar kuka ce jibga-jibga da filayen gishiri fari fat. Ni dama na ƙudurta sai mun yada zango a Kaulaha, domin tun ranar da na sauka Senegal Kawuna yake min waya, shi ɗan Tijjaniyya ne na gaske, masoyin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, kullum maganarsa ɗaya, "Kai yanzu kana ƙasar Shehu amma baka je Madina Baye ba, me kake yi a can ɗin?" Muna sauka zafi ya mare mu, zafin Kaulaha daban ne, ga ƴan acaɓa ko'ina, su Jakarta suke ce musu. Muka hau biyu sai Madina Baye.

Wlh jama'a tun kafin na cire takalmi a ƙofar masallacin na ji wani yana cewa "kai Sani kawo butar nan", sai da na juya. Hausa ce zalla, ta Kano, ga masu sayar da carbi da turare da hotunan Shehu Ibrahim Inyass, ga almajirai ƴan Najeriya da Nijar da Ghana da suka zo karatu wasu sun shekara da shekaru. Alaƙar ta daɗe, tun haɗuwar Shehu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, shi kuma Shehun ya rasu a Landan a 1975 aka kawo shi nan aka binne. Muka yi ziyara, muka yi azahar, na kira Kawu ta bidiyo na juya masa waya ya ga hasumiyoyin masallacin, dattijon nan bai iya cewa komai ba sai salati yake yana share ido da bakin rawani, ƙarshe yace "Allah Ya yi maka albarka ɗan nan", ya kashe. A gidan wasu ɗalibai ƴan Gusau muka kwana, suka mana tuwo da miyar kuka, rabona da tuwo tun gida.

Washegari muka kama hanyar Karang, nan ne bakin iyaka ta ɓangaren Senegal, ka taka ƴan taku kaɗan kana Amdalai, Gambiya kenan. Ƙasar gaba ɗayanta kogi ne da gaɓarsa biyu, faɗinta bai wuce kilomita 50 ba a inda ta fi faɗi, jihar Kano ta kusa ninka ta biyu, Ingila ta riƙe kogin Faransa ta riƙe abin da ya kewaye shi, shi kenan aka samu ƙasa biyu. Sun ma taɓa gwada haɗewa a 1982 da sunan Senegambiya abin ya watse a 1989. A ɗaya daga cikin shingayen hanyar, ba zan faɗi na wane ɓangare bane, wani jami'i ya juya fasfo ɗina gaba da baya ya kalle ni yace Najeriya, sai ya yi murmushi irin na wanda abincinsa ya iso, yace akwai kuɗin tambari. Nace ranka ya daɗe ai Ecowas ce. Yace Ecowas ɗin ce ta saya masa tawada? Ɗan Kumasi ya taka min ƙafa, ya zaro ƴan canji ya ajiye, aka buga mana muka wuce. Har yau in muka yi waya sai mun yi musu a kan wannan, ni ina ganin da mun ƙara minti goma a tsaye da ya gaji ya sake mu, shi kuma yace ni ban san darajar inuwa ba.

Ƴan canji suka yanyame mu da damman dalasi, kuɗin Gambiya, a hannu, muka canza sefa kaɗan, na sayi layin Africell. To a nan fa na fara lura da wani abu, mu da muka taho don bakinmu ya huta, allunan kan hanya dai sun koma Turanci, ɗan sanda ma da Turanci ya tambaye mu ina zuwa, amma direban tasi da mai shayi da yaran da ke tallan gyaɗa duk Wolof ɗin da muka baro a Dakar shi suke yi, sai Mandinka da Fulatanci, har gaisuwar iri ɗaya, shayin ataya ma iri ɗaya zagaye uku. Matar da ke kusa da ni a tasi gidanta na Karang, gonar mijinta na Amdalai, kullum sai ta tsallaka ƙasa ta kai masa abinci.

Muna isa Barra jirgin fito ya ɗaga, muna kallonsa yana tafiya da motoci da shanu a kai, ga Banjul can muna hango ta tsallaken bakin kogi. Akwai gada a Farafenni da aka buɗe a Janairun 2019, amma tana can ciki nesa, wanda zai shiga Banjul ta nan dole ruwa. Aka ce wani jirgin sai an jima, jimawar kuma ba wanda ya san tsawonta. Muka ɗan zaga muka ga ganuwar Fort Bullen da Ingilishi suka gina a 1826 don tare jiragen masu safarar bayi, muka dawo, rana ta fara yin sanyi, sai wani saurayi ya zo yace ga kwalekwale zai tashi yanzu.

Ni fa ɗan tudu ne, ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba shi ma daga nesa. Ga shi a Dakar ɗalibaina sun sha bani labarin jirgin Joola da ya kife a gaɓar Gambiyar nan a watan Satumban 2002 mutum sama da 1,800 suka rasu, kusan kowa a ajin ya san wani da abin ya shafa. Nace Ɗan Kumasi mu jira babban. Yace Malam in dare ya mana a nan a ina zamu kwana, ajali ko a kan katifa yana zuwa.

Abin da bai faɗa min ba, don shi ma bai sani ba, shi ne kwalekwalen ba ya matsowa bakin yashi. Yana can cikin ruwa, dogo ne na katako an masa fenti kala-kala, kuma yadda ake shiga shi ne wasu ƙartin samari su durƙusa ka hau wuyansu su ratsa ruwan da kai har ƙirji su cilla ka ciki, ka biya su ƴan dalasi. Haka ake ɗaukar kowa, alhaji da babbar riga, mata da goyo, ɗan sanda da kakinsa, ba wanda yake dariya sai mu baƙi. Wani siririn yaro ya zo gabana ya durƙusa ya bubbuga kafaɗarsa. Ni malam guda, da gemuna, wanda manajojin banki ke ce wa Ticha suna miƙewa, na ɗora ƙafa na haye wuyan yaron mutane na riƙe kansa da hannu ɗaya jaka a ɗaya hannun, takalmina a baki don ba inda zan sa su, ina jin ƙashin kafaɗarsa yana motsi a ƙarƙashina yana tafiya yana tsallake igiyar ruwa kamar ba komai ya ɗauka ba, duk addu'ar da na iya sai da na karanta ta cikin hanci.

Ina zama na waiwaya sai na hango ana rigima a kan Ɗan Kumasi. Samari uku sun kewaye shi suna kallonsa sama da ƙasa suna magana da Wolof, ashe ciniki ake, sun ce kuɗinsa ninki biyu ne. Ƙarshe wani mai ƙirar ƴan kokawa ya ɗauke shi, suka taho lafiya lau har saura taku kaɗan, sai wata igiyar ruwa ta zo ta dake su, mutumin ya yi tangal-tangal ya durƙusa, Ɗan Kumasi ya nutse har wuya yana ihu da Hausar Kumasi yana kiran uwarsa. Duk kwalekwalen aka fashe da dariya har da wata tsohuwa da ba haƙori, aka jawo shi ciki yana tsiyaya, aka miƙo mana rigunan kariya da duk igiyoyinsu sun tsinke, inji ya tashi. Tsallakawar kanta ba ta daɗe ba, amma ban saki katakon da na riƙe ba sai da aka sake ɗaukata a wuya a ɗaya gaɓar.

Banjul ta bani mamaki da ƙanƙantarta, babban birnin ƙasa guda amma a kan tsibiri take, mutanenta ba su kai 40,000 ba, magariba na yi ma'aikata sun watse gari ya yi tsit. Muka wuce ta ƙarƙashin Arch 22, ƙatuwar ƙofar da Yahya Jammeh ya gina don tunawa da juyin mulkinsa na 22 ga Yulin 1994, muka haye gadar Denton zuwa Serekunda inda ainihin jama'ar suke. Direban gelegele, wato ƙaramar bas ɗinsu, da ya ji daga Najeriya nake sai ya hau bani labarin Janairun 2017 lokacin da Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, Buhari ya zo sulhu, sojojin Ecowas suka matso, ƙarshe ya tattara ya tafi Ikwatoriyal Gini. Yace ku ƴan Najeriya kun iya gyara gidan wani. Ban tanka ba.

Malam ɗan Zariya ya tarbe mu a bakin titi da fitilar waya, ya kalli Ɗan Kumasi da kayansa suka bushe suka yi fari da gishiri yace "Ikon Allah, ku ta ƙasan kogin kuka biyo?" Ya sa aka kawo mana domoda, shinkafa ce da miyar gyaɗa mai kauri, da burodin tapalapa, muka ci muka yi nak, yana bamu labarin ɗalibansa, ana ta tsara gobe zamu Jufure da tsibirin Kunta Kinte, wuraren tarihin cinikin bayi.

Sai da muka zo kwanciya Ɗan Kumasi ya laluba aljihun wandonsa ya zaro fasfo. Shafukan sun manne da juna, ya ɓamɓare a hankali har ya kai inda aka buga mana tambarin shiga ɗazu da rana, tawadar ta narke ta zama wani shuɗin tabo, ba kwanan wata ba sunan iyaka. Ya kalle ni na kalle shi, Malam ya karɓa ya ɗaga a fitila ya juya, yace "Toh. Ranar yaushe kuka ce zaku koma aiki?"

Yadda muka ƙare da wannan fasfo a hanyar dawowa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.