Talata, 25 ga Oktoba 2022: lu'ulu'un ya dawo

Yau tun safe babu wuta a layinmu, sai da na tada janareta kafin na kunna kwamfuta. Aiki uku na tarar: katin ɗaurin aure guda 200, kalandar wata Islamiyya, sai wani saurayi da ya gaji shagon ɗinkin mahaifinsa, yana so in canza masa tambari. Ya nuna min hoton tsohon allon a wayarsa. Almakashi ne a buɗe cikin jar da'ira, sunan shagon a lanƙwashe ta sama, da buroshi aka rubuta shi, fentin duk ya koɗe. Ya ce shi na zamani yake so, siraran haruffa kawai, ba zane ba komai. Na ce to, ya dawo gobe.

Bayan la'asar ƙanwata ta turo min hoto ta WhatsApp, ko sallama babu, sai "Yaya, duba!" Ina buɗewa na saki abin da nake yi. BBC ta fitar da sabon tambarin Doctor Who, shirinta na talabijin kan wani Dokta mai keta zamani, kuma ashe mai siffar lu'ulu'un nan ne na da suka dawo da shi: shuɗi, a tsaye kan tsininsa, kalmar farko ta lanƙwaso ta sama, ta biyun ta cika ciki da manyan haruffa masu kauri. Sun wanke shi, sun ƙara masa ƙyalli kamar na ƙarfe, amma shi ne dai. Na daɗe ina buɗa hoton da yatsu ina kallon bakin haruffan.

Bernard Lodge ne ya zana na asalin a 1973, a shekarar ƙarshe ta Jon Pertwee a matsayin Dokta, ya kuma zauna kusan duk zamanin Tom Baker har 1980, lokacin da aka musanya shi da wani mai kama da fitilar kwalba ta gaban kanti. Daga nan kowane zamani da nasa. Da shirin ya dawo a 2005 bayan dogon hutu, wani miƙaƙƙe ne ruwan lemo mai tsini gefe da gefe. Na 2010 shi ya fara sa ni son wannan sana'a, domin sun haɗa harafin D da W suka zama siffar shuɗin akwatin 'yan sandan nan da Dokta ke keta zamani a cikinsa. Ina makarantar sakandare na kwaikwayi zanen a bayan littafi ya fi a ƙirga. Na 2018, na zamanin Jodie Whittaker, siraran haruffa ne ruwan zinare da wani layi ya ratsa su. Kyakkyawa ne a babban allo, ban taɓa musun haka ba. Sai dai na taɓa ƙoƙarin buga shi ƙarami a jikin kofi, layin ya ɓace, haruffan suka zama kamar zare. Abin da ba ya jure ƙanƙancewa, a wurina aikinsa bai kammala ba.

Akwai dalilin da ya sa suka zaɓi lu'ulu'u yanzu. An fara shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, baɗi zai cika shekara 60, kuma Turawan Ingila bikin shekara 60 da sunan lu'ulu'u suke kiransa. Sannan tare da tambarin aka sanar cewa daga ƙarshen 2023 Disney+, manhajar kallon finafinai ta intanet, ita za ta riƙa nuna shirin a wajen Birtaniya da Ireland. Wanda zai shiga kasuwar duniya, ya zauna a ɗan ƙaramin akwati cikin ɗaruruwan shirye-shirye a fuskar waya, yana bukatar alamar da ido zai cafke kafin a karanta.

Amma zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Shekaranjiya Lahadi Whittaker ta yi bankwana, Dokta ya sake jiki kamar yadda ya saba duk lokacin da za a canza ɗan wasa, sai ga David Tennant, wanda ya taɓa fitowa a Dokta, ya dawo. Russell T Davies, wanda ya farfaɗo da shirin a 2005, shi ma ya dawo. Yau kuma tambarin 1973. Waiwaye ya yi yawa a mako guda. Ni sabon Dokta Ncuti Gatwa nake jira, yaron da aka haifa a Ruwanda ya tashi a Scotland, kuma na so a ce ya shigo da alamar da za a riƙa cewa tasa ce, ba rigar gado ba. Ƙyallin ma ya ɗan yi min yawa. In aka ce a buga shi da launi ɗaya a jikin riga, rabin kwalliyar za ta zube.

Da wannan tunanin na rufe shago na biya gidan Kawu bayan magariba, na kai masa maganinsa. Na same shi a tabarma yana jin rediyo, tabarau ɗinsa na can kan taga. Na miƙa masa wayar na ce, "Kawu, kun gane wannan?" Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Na san ba ya iya karanta komai a haka. Sai ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce, "Kai ɗan nan, ba mutumin nan ne mai dogon mayafin wuya ba?" Tom Baker yake nufi. Ya ce a gidan maƙwabcinsu suke kallo, talabijin baƙi da fari, kuma da kiɗan farkon ya tashi ƙananan yara sai su ɓuya a bayan manya. Launin ma bai taɓa sanin shuɗi ba ne sai yau. Siffar kaɗai ya riƙe, shekara arba'in.

Daga nan hira ta koma kan abin da kullum yake alfahari da shi, cewa a nan Jos aka tsinto abin da BBC da kanta ta rasa. A da can suna goge kaset su sake amfani da shi, shi ya sa zuwa 2022 kashi guda 97 na tsofaffin shirin babu su. Amma sun sayar wa ƙasashe kwafi a faifan fim, Najeriya na ciki, kuma a 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin finafinai, ya gano kashi guda tara na zamanin da Patrick Troughton yake Dokta a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a garin nan. Kawu ya ce sanyin Jos ne ya adana su. Ya sake karɓar wayar, ya bi gefen lu'ulu'un da ɗan yatsa, kusurwa huɗu, sannan ya miƙo min.

Na dawo gida wajen ƙarfe tara, wuta ta dawo. Na buɗe hoton allon telan na sake dubawa da kyau. Wanda ya zana almakashin nan ya san aikinsa: bakin ya buɗe daidai inda sunan ya fara lanƙwasa, ramukan yatsun kuma sun zauna cif a ƙasan da'irar. Na yi masa wanda ya nema, siraran haruffa, tsaf. Sannan na yi na biyu, na bar da'irar da almakashin yadda suke, na gyara kaurin haruffan, na mayar da jan yadda nake zaton yake ranar da aka fara shafa shi. Na buga duka biyun ƙanana, girman lambar da ake ɗinkawa a wuyan riga. Gobe in Allah ya kai mu zan manna su a bango, in ce masa ya koma bakin ƙofa ya duba daga can.