Abin da na koya daga ƙirƙirar harshe

Wanda ya fara sha'awar ƙirƙiro harshe, kalmomi yake fara tarawa. Ya samo sunan ruwa, da na wuta, da na rana, ya cika shafi ya ga kamar ya yi nisa. Jagororin da gwanayen wannan fanni suka rubuta, irin wanda Mark Rosenfelder ya fitar a 1996, ba sa bin wannan hanya. Daga sauti suke farawa, kuma da na bi su na ga dalili.

Sai ka zaɓi baƙaƙe da wasulan da harshen zai ɗauka, ka kuma yanke yadda gaɓa za ta kasance. Harshen mutanen Hawaii baƙaƙe 8 kawai gare shi, kuma kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, shi ya sa ko ba ka jin sa za ka gane shi idan an yi. Harshen da aka bari kowane sauti ya shiga ba ya da kama.

Wurin nahawu ne aikin yake. Babban tarko shi ne mutum ya ɗauko harshen da ya tashi da shi, ya canza wa kowace kalma riga, ya ce sabon harshe ne. Sai na zauna na tambayi kaina abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Dole ne suna ya kasance da jinsi? Dole ne "mu" ɗaya ta wadatar, ko a raba wadda ta haɗa da mai sauraro da wadda ta ware shi, yadda harsuna da dama suke yi? Ina aikatau zai zauna? Marc Okrand, da yake gina Klingon, harshen wasu halittu a finafinan Star Trek, da gangan ya sa karɓau (wanda aiki ya faɗa a kansa) a farko, aikau (mai yin aikin) a ƙarshe, don irin wannan jeri ba safai ake samun sa a harsunan 'yan Adam ba.

Abin da ya fi daɗe mini a rai shi ne batun daidaito. Wani likita mai suna Zamenhof ya fito da harshen Esperanto a 1887 da ƙa'idoji 16, kowane suna ya ƙare da -o, kowace sifa da -a, saboda yana so kowa ya koya cikin sauƙi. Wannan ya dace da manufarsa. Amma in kana son harshen ya yi kamar wata al'umma ta daɗe tana magana da shi, daidaiton nan shi ke tona asirinsa. Dabarar ita ce ka gina tsohon harshe tukuna, sannan ka bar sautuka su goge: wasalin ƙarshe ya faɗi, baƙi ya yi laushi tsakanin wasula biyu. Jam'in da a da yake bin ƙa'ida sai ya bauɗe da kansa, kuma kana iya faɗin dalilin bauɗewar. Haka marubucin nan Tolkien ya fitar da harsunan Quenya da Sindarin na cikin labaransa daga tushe guda.

Ni dai ba na yarda da ƙa'idar da na rubuta sai na gwada ta da zance. Jimlar "yaron da na gani jiya bai dawo ba" ta isa ta nuna ko harshen yana da hanyar korewa da ta nuna lokaci. Toki Pona, da Sonja Lang ta fitar a 2001 da kalmomi kusan 120, tana iya faɗar wannan, sai dai ta raba shi jimla biyu.