Yatsa ɗaya a kan ƙashi: abin da aikin agaji ya koya mini game da karaya

Tun da na shiga aikin agajin gaggawa na sa-kai, inda ake ajiye mu a gefen filin wasa ko wurin taron yara da akwatin magani, babu maganar da kunnena ya sha ji kamar wannan: "Ai yana motsa shi, ba karaya ba ce." Iyaye na faɗinta, masu horar da 'yan wasa na faɗinta, shi kansa wanda ya ji ciwon yakan ɗaga hannu yana murza yatsu don ya nuna mini lafiyarsa ƙalau. Maganar ba ta da tushe. Tsoka da jijiya ne ke motsa yatsu, kuma ƙashin da ya tsage bai goce daga mazauninsa ba, ba ya hana su aikinsu. Na ga wanda ya tako da ƙafarsa har wurina, daga baya hoton asibiti ya nuna karaya a idon sawunsa.

Karayar da ta fito fili ba ta buƙatar gwani. Hannu ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ko ƙafa ta juya ta kalli inda bai kamata ba, ko kan ƙashi ya huda fata ya leƙo. Wannan kowa ya gani ya san sai asibiti. Wadda ta ɗauke ni lokaci kafin na iya gano ta ita ce mai ɓuya, wadda ke zuwa da kamannin targaɗe: kumburi, zafi, ɗan canjin launin fata, mutum kuma yana ta cewa a shafa masa magani ya koma harkarsa.

Tambaya nake fara yi kafin in taɓa kowa. Yaya aka yi ka faɗi, da me ka dafa ƙasa, ka ji wata ƙara a lokacin? Yadda aka faɗi yakan nuna inda za a duba. Wanda ya miƙa tafin hannu ya tare ƙasa, ƙarfin faɗuwar yakan bi ta wuyan hannu ya wuce gwiwar hannu har ƙashin wuya, wato wannan siririn ƙashi da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa. Don haka ko da wuyan hannu kawai yake nuna mini, sai na bi duka ukun. Ƙarar da mutum ya ji kuwa ina saurara, amma ban cika dogara da ita ba, domin jijiyar gaɓa ma idan ta tsinke takan yi ƙara.

Daga nan sai kallo. Ina buɗe ɓangarorin biyu in jera su, mai ciwon da mai lafiyar, saboda ido bai iya gane ƙaramin kumburi ko ɗan karkacewa sai ya sami abin gwadawa. Taruwar jini a ƙarƙashin fata takan makara, wani lokaci sai bayan awanni ko washegari take bayyana, shi ya sa rashinta a farko ba ya kwantar mini da hankali.

Sai abin da na fi amincewa da shi: yatsa ɗaya. Ina farawa daga nesa da inda ke ciwo, in riƙa danna ƙashin a hankali ina matsowa, idona a fuskar mutumin ba a hannuna ba. Zafin targaɗe yawanci a nama yake, a bazu, mutum zai shafa wuri mai faɗi ya ce duk nan ne. Zafin karaya kuwa yana da adireshi. Da yatsa ya sauka a kan wurin, a kan ƙashin kansa, za ka ga mutum ya zabura ko ya janye ba tare da ya shirya ba. Ba na dannawa sau biyu, kuma ba na taɓa lanƙwasa gaɓa don in ji ko ƙashi na gogar ƙashi. Wannan gurzar alama ce ta karaya, gaskiya ne, amma nemanta da gangan zalunci ne, kuma tana iya yanke jijiyar jini.

A idon sawu akwai ƙa'idar da likitoci suka tsara a birnin Ottawa na Kanada, aka wallafa ta a 1992, don a rage ɗaukar hoton da ba a buƙata. Ta sauƙaƙa mini aiki ƙwarai. Ana danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen idon sawu, daga ƙarshensu zuwa sama kimanin santimita 6. Ana danna gindin ƙashin da ya nufi ƙaramin yatsan ƙafa, a gefen waje, da wani ƙashi a gefen ciki na tsakiyar ƙafa. Sannan a ga ko mutum zai iya taku huɗu, ko da da ɗingishi. In akwai zafi a ɗaya daga wuraren nan, ko ya kasa takun, to hoto ya wajaba. Abin lura shi ne iya takun shi kaɗai bai wanke ƙafa ba, sai an haɗa da rashin zafi a kan ƙashi.

Wuyan hannun manya yana da nasa tarkon. Akwai karayar da wani likitan tiyata na Dublin, Abraham Colles, ya bayyana a 1814, inda ƙarshen ƙashin hannu ke karyewa ya tura baya, har a ga tudu a bayan wuyan hannun. Ya siffanta ta da ido da hannu kawai, shekara 81 kafin Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Wannan ana ganinta. Wadda ba a gani ita ce ta wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa. Idan ka ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga ɗan rami tsakanin jijiyoyi biyu a gefen wuyan hannu. Zafi a cikin ramin nan bayan faɗuwa a kan tafin hannu ba abin wasa ba ne. Sau da yawa babu kumburin kirki, kuma hoton farko yakan fito kamar ba komai, shi ya sa likitoci kan ɗaure hannun su sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko su yi wani hoton mai zurfi. Jini ta gefe ɗaya yake shiga ƙashin, in aka bar shi a karye wani ɓangarensa na iya mutuwa, mutum ya zauna da ciwon wuyan hannu na shekaru.

Tsofaffi kuma faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba tana iya karya su, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da ƙashi ke rage ƙwari. Dattijuwar da ta zame a ɗaki ta kasa tashi, ka ga ƙafa ɗaya ta ɗan gajarce kuma tafinta ya kwanta waje, wannan karayar ƙugu ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Wani lokaci kan ƙashin yakan cushe cikin juna, sai ta iya takawa, tana kukan zafi a matsematsi ko ma a gwiwa. Ba na yarda a ɗaga irin wannan a ce ta gwada tafiya.

Amma inda na fi koyon darasi shi ne wajen yara, don jikinsu ba ƙaramin jikin babba ba ne. Babba yana da ƙasusuwa 206. Jariri yana zuwa da fiye da haka, da yawansu guringuntsi ne, sai a hankali suke haɗewa su yi tauri. Ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe yake: ka lanƙwasa shi, gefe ɗaya ya tsage, ɗayan ya riƙe. Wani lokaci ma ba ya tsagewa, sai ya ɗan tattare a wuri guda kusa da wuyan hannu. Irin wannan yaron zai yi kuka na ɗan lokaci ya yi shiru, hannun ba kumburi sosai, ya koma cikin 'yan'uwansa. Sai ka zuba masa ido ka ga duk abin da zai ɗauka da ɗaya hannun yake ɗauka, in zai tashi daga ƙasa ba ya dafawa da mai ciwon.

Abin da nake nema ke nan a wurin yaro: gaɓar da ya daina amfani da ita. Bakinsa ba zai taimake ka sosai ba. Ƙarami bai iya faɗin inda ke masa ciwo, ɗan babba kuma yakan ɓoye don tsoron faɗa ko allura, ko don kada a cire shi daga wasa. Na daina tambayar yara "ina ke maka ciwo?" tun da na lura duk inda na nuna sai su gyaɗa kai. Abin wasa nake miƙa masa ta ɓangaren da nake zargi, in ga wane hannu zai miƙo. In ƙafa ce, sai in sa mahaifiyarsa ta ɗan matsa gaba ta kira shi. Dubawar ma a cinyarta nake yi, kuma da lafiyayyen hannun nake farawa, don ya ga ba abin tsoro ba ne, ni kuma in san yadda fuskarsa take idan ba ya jin zafi.

Wata uwa ta taɓa kawo mini ɗanta da bai daɗe da fara tafiya ba. Ta ce tun da ya sauko daga abin zamiya ya ƙi taka ƙafa ɗaya, ya koma rarrafe. Babu kumburi, babu rauni, yana ma dariya in an yi masa wasa. Da na bi ƙwaurinsa da yatsa, kusa da ƙasa, sai ya janye ƙafar ya fashe da kuka. Na ce mata, "Maman yaro, a kai shi a yi hoto yau, kada a jira gobe." Siririyar tsaga ce a ƙashin ƙwauri, irin wadda ke samun yara daga wajen wata 9 zuwa shekara 3 idan ƙafa ta murɗe, kuma ita ma takan ƙi fitowa a hoton farko.

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai faifan guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. Wurin ya fi jijiyoyin gaɓa rauni, saboda haka murɗewar da za ta ba babba targaɗe, a yaro tana iya karya wannan faifan. In aka yi sakaci ƙashin na iya girma a karkace ko ya gajarce. Wannan ne ya sa kalmar targaɗe ba ta saurin fita daga bakina a kan yaron da bai gama girma ba, in dai zafin a bakin gaɓa yake kuma a kan ƙashi.

Gwiwar hannun yaro ita ce ke sa ni sauri. Karaya a saman gwiwar, wadda ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7 idan sun faɗo daga wani abin hawa, tana kusa da babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa yatsu. Akwai kuma abin da ke kama da ita amma ba karaya ba: a fizgi ƙaramin yaro ta hannu, sai ya saki hannun a gefensa ya ƙi lanƙwasawa, ba kumburi. Likita kan gyara wannan cikin ɗan lokaci. Ni dai ba na gwadawa, tunda daga waje ba ni da tabbacin wanne ne. Jaririn da bai fara ko rarrafe ba kuwa, in aka same shi da karaya, dole likita ya bincika dalili da kyau, ko ciwon ƙashi ne ko wani ne ya ji masa rauni, domin da wuya irinsa ya karya kansa.

Duk inda nake zargin karaya, sai na duba abin da ke ƙasa da ita. Yatsun da ɗumi ko sun yi sanyi? Sun yi fari ko shuɗi? Ina matsa farce har ya yi fari in saki, jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ina taɓa kan kowane yatsa in tambaya ko ana ji. Yatsun da suka yi sanyi ko suka mutu ba sa jiran a nemo mota da yamma. Haka karayar cinya, wadda mutum kan zubar da fiye da lita ɗaya ta jini a cikin naman ba tare da ɗigo ya fito waje ba, sai dai ka ga yana gumi mai sanyi, yana haki, launinsa ya kwashe. Haƙarƙari yakan nuna kansa da zafi mai suka lokacin jan numfashi ko tari. Wanda ya bugu a kai, ruwa garai-garai ko jini na fita ta kunne ko hanci, ko kewayen idanunsa ya yi baƙi, ana zargin ƙoƙon kai. Wanda kuma ke jin zafi a tsakiyar wuya ko baya bayan faɗowa daga sama ko haɗarin mota, ko ƙafafunsa sun yi nauyi, ba na barin kowa ya ɗaga shi. Ina riƙe kansa yadda na same shi har motar asibiti ta zo, sai fa in wurin da yake kwance akwai wani haɗarin.

Abin da nake yi bayan zargi kaɗan ne. Ba na miƙar da abin da ya lanƙwashe. Ina tallafe gaɓar a yadda take, da kwali mai kauri ko katako da aka naɗe da tsumma, ya kama gaɓar sama da ta ƙasa da wurin. Hannu a rataye shi a wuya da ƙyalle. Zobe da agogo a cire tun kumburi bai hana ba. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 20, ba a kan fata kai tsaye ba. In ƙashi ya huda fata, a rufe da bandeji mai tsabta, a danne gefen raunin don tsayar da jini, kada a tura ƙashin ciki. Kuma ina roƙon 'yan'uwa kada su ba shi abin ci ko sha, ko da yana roƙo, don ta yiwu a yi masa allurar barci a shiga da shi tiyata.

Ko bayan an sa filasta, wato ɗaurin nan mai tauri da ake yi wa karaya a asibiti, an dawo gida, ina gaya wa iyaye su ci gaba da duban yatsun. Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda maganin zafi ba ya taɓa shi, musamman idan an ɗan miƙar da yatsu yaro ya ƙwalla ƙara, alama ce kumburi ya matse naman har jini ya kasa wucewa. Tsoka na iya lalacewa cikin 'yan awanni, don haka ko tsakar dare ne a koma asibiti a sassauta ɗaurin.