Matakalar Ƙarfe Ta Hawa Da Mota: Yadda Muke Haɗa Ta

Yawancin aikin shagona ƙofofi ne da tagogi da tankin ruwa, amma aikin da na fi sa wa ido shi ne matakalar ƙarfe da makanikai ke hawa da gaban mota a kai, su shiga ƙarƙashi don juyen baƙin mai ko gyaran salansa. Ba kowane gareji ke da rami ba. Mai haya a fili ba zai haƙa ba, shi ya sa za ka ga an ɗaga mota da jak an tokare ta da bulo ko dutse, mutum ya kwanta a ƙasa. Bulon siminti kuwa ba ya ba da sanarwa, lokaci guda yake rugujewa.

Ƙarfen a kasuwar Panteka ta Kaduna nake saye, kuma angul nake ɗauka, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, mai faɗin inci 2 da kaurin milimita 5. Bututun da muke yin ƙofa da shi ba ya shiga wannan aikin ko da mai kaya ya roƙa. Corolla tana kai kilo 1,300 ko kusa da haka, kuma gabanta ya fi nauyi saboda inji, don haka, da yake matakala biyu ce, ɗaya ga kowace tayar gaba, kowace tana ɗaukar wajen kilo 400. Hilux ta doshi tan biyu. Sannan direba ba ya hawa a hankali kullum: ya ba da wuta, ya taka birki da ƙarfi a sama, nauyin ya daki ƙarfen. Don haka nake haɗa kowace ɗaya kamar fiye da tan guda za ta ɗauka.

Tsayinta inci 8, faɗi inci 12, tsawon gangaren ƙafa uku, don kada bamba ta goga kafin taya ta fara hawa. Tsanin da taya ke bi ma angul ne, ana kifa shi ƙashin bayansa na kallon sama, ya kama taya ko da akwai laka. A ƙarshe a sa tokare mai tsayi don kada motar ta zarce.

Inda aikin yake shi ne ƙafafu da walda. Ƙafa a tsaye kaɗai za ta iya kwantawa gefe, sai an ɗaure ta da ƙarfe a karkace, ya zama kusurwa uku ta ko'ina. Waldar kuma ba ɗigo-ɗigo ba, a ja ta tun daga farkon gaɓa har ƙarshe, ciki da waje, da elektirod, wato sandar walda, geji 10. Na kan hana yarana taɓa wannan aikin idan wuta ta yi rauni, domin waldar za ta hau saman ƙarfe ta yi kyau a ido alhali ba ta ci ciki ba. Gara a tayar da janareta a sa kuɗin mai a lissafi. Bayan an kakkaɓe ɓawon, ni da kaina nake bin kowace gaɓa da guduma ina dubawa.

Garejinmu da yawa a kan rairayi suke, ƙafar angul sai ta nutse, shi ya sa nake liƙa farantin ƙarfe a ƙasanta. Wanda zai yi aiki a kan siminti kuma in ɗaura masa yankin tsohuwar taya saboda santsi.

Masu saye kan ce, "Malam, ka rage kaurin mana, kuɗin ya yi yawa." Amsata ɗaya ce: "Maigida, yaronka ne zai kwanta a ƙasan." Wasu su tafi wajen mai araha, kuma raina yana ɓaci da hakan ƙwarai. Wanda ya tsaya, kafin ya ɗauka sai mun hau da mota a gabansa, mun ja hambirki, mun sa waigi a tayoyin baya, mu biyu mu girgiza ta da ƙarfi. In ba ta motsa ba, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, washegari ya turo a ɗauka.