Layi biyu a kan tsinken gwaji

Ɗakin gwajina ƙarami ne, a wani gari cikin ƙasar Sumaila: ɗaki biyu da baranda, na'urar duba jini, injin juya jini, sai firji mai aiki da sola. A da zazzaɓin cizon sauro da taifot ne kusan duk aikinmu. Tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 abin ya sauya. Gab da azumi, lokacin da ake rububin ɗaura aure, barandar kan cika da angwaye da amare da waliyyansu, kowa na jiran takardar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da jinotaif.

Ƙwayar maleriya ina ganinta da idona a madubin na'ura. Bairos kuwa, irin ƙwayar da ke kawo ƙanjamau da ciwon hanta, ta fi ƙarfin wannan madubi, sawunta kawai muke bi da tsinken gwaji. A ciwon hanta B, tsinken yana kama wani sinadari ne na jikin ƙwayar, wanda ake rubutawa HBsAg. A ƙanjamau, yana neman sojojin da jiki ya tanada don yaƙarta. Shi ya sa wanda ya kamu kwanan nan zai iya fitowa lafiya lau a takarda, sai in ce masa ya dawo bayan wata uku.

Babban abokin gabana zafi ne. A jikin kwalin an rubuta kada ajiya ta wuce digiri 30, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Tsinken da ya kwana biyu a shago ƙarƙashin kwano zai iya yi maka ƙarya, kuma ba za ka gane a fuskarsa ba. Ba na sayen mai araha a hannun wanda ban san ma'ajiyarsa ba, ko da ribata za ta ragu. Yaron da nake koya wa aiki ya san ƙa'ida: a ɗiga jini, a duba agogo, a cika minti 15. In layin tabbatarwa, wanda ke nuna tsinken ya yi aiki, bai fito ba, a jefar a sake.

Gwajin ƙanjamau ba a yanke hukunci da tsinke ɗaya. Tsinke iri uku muke amfani da su: mai suna Determine ne farko. In ya nuna, a bi da Uni-Gold, in suka saɓa Stat-Pak ya raba gardama.

Ciwon hanta B ya fi yawan fitowa a teburina, kuma nan aikin baki ya fi na hannu nauyi. Mai jinin nake fara kira ciki shi kaɗai, sai da izininsa waliyyi zai shigo. Dattijo kan tambaya, "Ɗana, auren ya mutu ke nan?" Sai in ce, "A'a Baba, ku zauna tukuna." In bayyana cewa wasu manya jikinsu kan kore ƙwayar da kansa, don haka ake sake gwaji bayan wata shida. Akwai allurar rigakafi ga wanda za a aura in bai kamu ba, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Yawan ƙwayar a jini sai injin PCR, wanda ba ni da shi. Nan nake rubuta takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, in roƙe su kada su tsaya a wurin mai maganin shawara a kasuwa kafin likita ya duba hantar.