Idan Sammacin Juri Ya Same Ki Kina Goyo

Ƙannena da ke zaune a Amurka, musamman waɗanda suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa kwanan nan, wata rana ambulan za ta zo miki daga kotu. Kada gabanki ya faɗi, ba wanda ya kai ƙararki. Kiran ki ake yi ki shiga juri, wato mutanen gari da ake tarawa su saurari shari'a su yanke hukunci. A gida alƙali muka sani da wannan aiki, shi ya sa abin ke zo mana baƙo. Sunayen kuwa galibi daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi ake tsamo su.

Lokacin da tawa ta zo a Teksas, ina da goyo ga wani mai rarrafe, maigida kuma aikin dare yake yi, da rana barci. Maimakon in karanta takardar har ƙarshe, sai na ɗauki hotonta na jefa a zaurenmu na WhatsApp. Nan take wata anti da ta riga mu zuwa ƙasar ta ce, "Ke dai ki yi banza da ita, 'yar nan. Wa zai tabbatar ta iso hannunki?" Maganar ta yi min daɗi don ita nake son ji. Na cusa ambulan a durowar kicin, cikin takardun rangwamen kantuna.

Wasiƙa ta biyu ba ta zo da lallashi ba. A Teksas, ƙin amsa sammacin juri raina kotu ne, tarar kuma daga dala 100 zuwa 1,000. Haka na goya yarinya na kama hannun yayanta muka tafi, jikina na rawa. Ma'aikaciyar da na tarar ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko irin takardar da na ɓoye, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Dokar jihar ta ce wanda ke riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 12, in zuwansa zai sa a bar yaron ba mai kula da shi yadda ya kamata, yana iya neman a ɗauke masa. Alama ɗaya a akwati da sa hannu, shi ke nan abin da ake nema daga gare ni tun farko. Allah Ya rufa asiri ba a ci ni tara ba, amma kunyar da na ji ta ishe ni.

To amma ki lura da sharaɗin. Ba haihuwa ce kawai ke ba ki uzuri ba, rashin mai kula ne. In yaranki suna gidan reno ko makaranta a lokacin zaman kotu, maganar ta canza. Kuma ƙaryar uzuri ita ma tana da tara. Dokar ba ta ce uwa ba, don haka mazan da ke zaman gida da yara yayin da matansu ke aikin asibiti, ku ma ta shafe ku.

Kuskurena na biyu shi ne ɗauka cewa doka ɗaya ce ko'ina. Kowace jiha da tata. A Filorida, mai juna biyu da iyayen da ba sa cikakken aiki kuma suke riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ana ɗauke musu in sun nema. A Kalifoniya, mai shayarwa tana iya neman a ɗaga mata har shekara guda. Kotun tarayya kuma hanyarta daban: kowace gunduma da tsarinta, kuma abin da ake dubawa shi ne ko zuwan zai jefa mutum cikin matsi mai tsanani. Da sammacin tarayya ya zo min daga baya, na rubuta "ina da yara ƙanana" na aika, ina ganin na gama. Aka dawo min da shi, aka ce in yi bayani. Sai da na faɗi shekarun kowane yaro, lokutan aikin mahaifinsu, da cewa ba ni da dangi a garin, na haɗa da kwafin takardun haihuwa. Kotun tarayya dala 50 take biya a rana, ku da kanku kun san ko hakan zai biya mai reno na yara biyu. Wannan lissafin ma ki sa shi a wasiƙar, a taƙaice, ba tare da kuka ba.

In an ƙi ɗauke miki gaba ɗaya, nemi a ɗaga. Kotuna da yawa suna yarda da ɗagawa ta farko cikin sauƙi. Ki zaɓi lokacin da kika san Hajiya za ta zo ziyara ko maigida zai samu hutu. Ni ra'ayina, in yara sun tasa, ki je. Ranar da ɗan wani daga cikinmu ya tsaya gaban kotu, zai so a ce cikin mutum goma sha biyun da ke zaman juri akwai wanda ya san irin gidan da ya fito.

Mai katin zama kawai, wadda ba ta zama 'yar ƙasa ba, ba ta cancanci zama a juri ba, amma ita ma sai ta amsa ta faɗi haka. Kada ta kuskura ta sa alama a akwatin 'yar ƙasa don sauri, wannan kuskure yana iya lalata mata takardun zama.

Duk abin da kika aika, ki ɗauki hotonsa ki ajiye, kuma kada ki ɗauka an sallame ki sai kin ga amsa. In wani ya buga miki waya ya ce kin ƙi zuwa juri, za a kama ki sai kin biya tara yanzu da katin kyauta na kanti, ɗan damfara ne. Ki kashe wayar ki kira lambar da ke jikin sammacin.